Me ya jawo yaƙin duniya na farko?

Yara, ku ɗauko taswirar ƙasarmu, ku nemi garin Gaya. Ga shi can kudu, cikin jihar Doso, a bakin kogin Kwara. In mutum ya ƙetare kogin, ya shiga Benin, garin da zai fara tararwa shi ne Malanbil. In kuwa ya yi gabas kaɗan ya kai Kamba, to ya shiga Najeriya ke nan. Mutanen waɗannan wurare uku dangin juna ne. Akwai Dendawa, da Kyangawa, da Hausawa, da Zabarmawa, da Fulani. Amma yaron Gaya da na Malanbil faransanci su ke koyo a lakwal, na Kamba kuwa ingilishi.

Wa ya raba su haka? Turawa ne suka shata waɗannan iyakoki. Ba a daɗe da gama shata su ba, sai Turawan suka auka wa juna da yaƙi, tun daga 1914 har 1918. Sojojin da suka mutu sun fi miliyan 9. Shi ne a ke kira yaƙin duniya na farko.

In aka tambayi dalilin yaƙin, wasu su kan ce: "An harbe wani yarima a garin Sarayebo, shi ke nan yaƙi ya tashi." Gaskiya ne an harbe yarima. Amma kafin wannan rana an sha kashe manya a Turai. An kashe shugaban Faransi a 1894, an kashe sarkin Italiya a 1900, ba wanda ya ɗauki bindiga. To, me ya sa kisan 1914 ya zama dabam? Ruwa ba ya tsami banza. Bari mu bi dalilan ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwar gaba

A lokacin nan manyan ƙasashen Turai shida ne: Ingila, Faransi, Jamus, Rasha, Ostiriya-Hangari, da Italiya. A cikinsu Jamus sabuwar ƙasa ce. Da, ƙananan masarautu ne barkatai. Wani waziri mai wayo, sunansa Bismak, shi ya haɗa su wuri ɗaya. A 1870 Jamusawa suka yi yaƙi da Faransi, suka ci ta. Suka karɓe mata lardin Alzas da wani yanki na Loren, suka kuma ɗora mata tara mai yawa. Don ƙarin wulaƙanci, a fadar tsofaffin sarakunan Faransi da ke Bersai aka naɗa babban sarkin Jamus, ranar 18 ga Janairu 1871.

Faransawa ba su manta ba. Jamusawa kuma sun san ba a manta ba. Tun daga ran nan kowa ya ke kallon maƙwabcinsa da gefen ido.

Rabon Afirka, da abin da ya faru kusa da Gaya

Masana'antu sun yi yawa a Turai. Suna bukatar auduga, da man ja, da gyaɗa, da roba, da ƙarafa. Suna kuma bukatar kasuwannin da za su sayar da kayansu. Ban da wannan, kowace ƙasa tana ganin yawan ƙasashen da ta mallaka shi ne girmanta. Saboda haka suka yi rige-rige zuwa Afirka. Daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 suka zauna a Balin, babban birnin Jamus, suka tsara yadda za a yi rabon. Ba ɗan Afirka ko ɗaya a wurin taron.

Ƙasar Dendi da ta Bargu suna cikin wuraren da aka fi yi wa rububi, don kowa yana son ya riƙe bakin kogin Kwara. A watan Nuwamba 1894 wani hafsan Ingila, Lugga, ya isa garin Nikki a Bargu, ya fito da takarda, ya ce an amince masa. Bai daɗe da tafiya ba sai ga Decoeur na Faransi daga Dahome, shi ma ya samu tasa takardar. A 1895 wani Bajamushe, Gruner, ya taso daga Togo, ya kai Sayi, ya gangaro ta Dendi, ya wuce har Gwandu, shi ma yana neman takarda. Kun ga ƙasashe uku ke nan a kan wuri ɗaya.

A 1897 Jamus ta shirya da Faransi, ta janye hannunta daga bakin kogi. Amma tsakanin Ingila da Faransi abin ya yi tsamari. Sojojinsu suka yi ta kafa tutoci a ƙauyukan Bargu, wani lokaci tuta biyu suna kallon juna. Sojojin kuwa yawancinsu baƙar fata ne: na Ingila Hausawa da Yarabawa, na Faransi mutanen Senegal da Sudan. Saura kaɗan a yi yaƙi. Sai manyansu suka zauna a Pari, suka sa hannu a kan yarjejeniya ranar 14 ga Yuni 1898. Nikki ta zama ta Faransi, Busa da Illo suka zama na Ingila. Da haka Gaya ta faɗo a gefen Faransi.

Ku riƙe wannan da kyau: a 1898 an yi gardama mai zafi, amma kowa ya sassauta, aka zauna lafiya.

Abokan gaba sun zama aminai

Yarjejeniyar 1898 ta ba Ingila duk ƙasar da ke kewaye da Sakkwato har nisan kilomita 160. Wannan ya matsa wa Faransawa ƙwarai. In za su tashi daga bakin kogi zuwa Damagaram, sai sun yi zagaye ta arewa, inda rijiyoyi ba su da yawa.

A wannan lokaci Jamus tana ta ƙara ƙarfi. Ingila da Faransi suka ga gara su kashe rigimarsu. Ranar 8 ga Afrilu 1904 suka shirya. Faransi ta bar wa Ingila Masar, Ingila ta bar wa Faransi Maroko. Faransi ta saki haƙƙinta na shanya kifi a gaɓar wani tsibiri mai nisa kusa da Kanada, Ingila kuma ta matsar da iyaka kudu don Faransawa su sami hanya mai ruwa. Ta haka garuruwa irin su Birnin Ƙonni suka koma gefen Faransi. Daga 1906 zuwa 1908 Tilho na Faransi da O'Shee na Ingila suka bi iyakar tun daga kogin Kwara har tafkin Cadi, suna kafa alamu.

Watau iyakar da ke tsakaninmu da Najeriya, wani ɓangare ce na shirin da Ingila da Faransi suka yi saboda tsoron Jamus.

Jamus ta ga an ware ta. Sau biyu, a 1905 da 1911, ta ta da rigima a kan Maroko don ta gwada ƙarfin wannan sabuwar aminci. Sau biyun duka Ingila ta tsaya bayan Faransi. A 1911 aka ba Jamus wani yanki na Kwango aka haɗa mata da Kamaru, ta yi shiru. An sake kauce wa yaƙi, amma zukata sun ƙara ɓaci.

Jirage shida, igiya biyu

Ƙasar da ta ji tsoro ta kan nemi abokai. A 1879 Jamus da Ostiriya-Hangari suka yi alkawari: in Rasha ta taɓa ɗaya, ɗayar za ta taimake ta. Italiya ta shiga cikinsu a 1882. A 1894 Faransi da Rasha suka ƙulla nasu alkawarin. Bayan shirin 1904, sai Ingila ta shirya da Rasha ita ma a 1907. Turai ta rabu biyu, uku nan, uku can.

Kowa yana tsammani ƙawance zai kare shi. Amma ku dubi masunta a bakin kogi. In an ɗaure jirage uku da igiya ɗaya, suna taimakon juna muddin ruwa yana kwance. Ran da igiyar ruwa ta fizgi ɗaya, sai ya ja sauran. Haka ƙawancen Turai ya zama: rigimar ƙasa ɗaya ta zama ta kowa.

Tara makamai

Ingila tsibiri ce. Abincinta da kayan cinikinta ta teku su ke zuwa, don haka ba ta yarda wani ya fi ta jiragen ruwa na yaƙi. Sarkin Jamus, Wilham na biyu, ya ce shi ma sai ya yi nasa. A 1906 Ingila ta ƙera wani ƙaton jirgi mai manyan igwa, wanda ya fi duk na da. Jamus ta shiga ƙera irinsa. Wannan ta ƙera, waccan ta ƙara.

A tudu ma haka. Mutanen Jamus sun kai wajen miliyan 67, na Faransi wajen miliyan 40. A 1913 Jamus ta ƙara yawan sojanta. Faransi ta mai da aikin soja shekara uku maimakon biyu. Rasha kuma tana shimfiɗa hanyoyin jirgin ƙasa zuwa iyakarta ta yamma da kuɗin da ta ranto daga Faransi.

Kowa yana cewa don kare kai ya ke yi. Amma makamin da ka tanada don kare kai, maƙwabcinka barazana ya ke ganin sa. Manyan hafsoshin Jamus suna ganin an sa su tsakiya, Faransi ta yamma, Rasha ta gabas. Suka ce in dai za a yi yaƙi, gara a yi shi tun Rasha ba ta gama shiri ba. Suka tsara dabara: su auka wa Faransi da sauri, su gama da ita cikin mako shida, kana su juya kan Rasha. Hanyar da suka zaɓa ta bi ta cikin Beljiyam, ƙaramar ƙasa wadda manyan ƙasashe suka yi alkawari tun 1839 ba za a taka ta ba.

Inda bango ya tsage

A kudu maso gabashin Turai akwai yankin duwatsu da a ke kira Balkan. Shekaru ɗaruruwa yana hannun sarkin Santambul na Turkawa. Da ƙarfin Turkawa ya ragu, sai ƙananan ƙasashe suka ɓullo, irin su Sabiya da Bulgariya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ostiriya-Hangari tana son yankin, Rasha ma tana so.

Ostiriya-Hangari daula ce mai ƙabilu fiye da goma, da yawa cikinsu suna son su ɓalle. A 1908 ta haɗe lardin Bosniya da ƙasarta. A Bosniya kuwa akwai Sabiyawa da yawa, waɗanda ke son haɗuwa da ƴan'uwansu na Sabiya. Rasha tana ɗaukar kanta uwar ɗakin Sabiya, don addininsu ɗaya, harsunansu kuma dangi ne. A 1908 Rasha ba ta da ƙarfi, ta haɗiye fushinta. A 1912 da 1913 aka yi yaƙi biyu a Balkan, Sabiya ta fito da ƙarin ƙasa da ƙarin ƙarfi. Hankalin Ostiriya-Hangari ya tashi.

Kwana 37

Ranar 28 ga Yuni 1914 yarima mai jiran gadon Ostiriya-Hangari, Faranz Fadinan, ya kai ziyara Sarayebo, babban birnin Bosniya. Wani saurayi Basabiye ɗan shekara 19, Gabrilo Pirinsip, ya harbe shi, shi da matarsa. Makaman da shi da abokansa suka yi aiki da su daga Sabiya suka fito. Ga yadda abin ya bi:

5 ga Yuli: Jamus ta ce wa Ostiriya-Hangari ta yi abin da ta ga dama, tana bayanta.

23 ga Yuli: Ostiriya-Hangari ta aika wa Sabiya sharuɗɗa masu tsanani, ta ba ta awa 48. Sabiya ta karɓi yawancinsu, amma ba duka ba.

28 ga Yuli: Ostiriya-Hangari ta ɗaura yaƙi da Sabiya.

30 ga Yuli: Rasha ta yi shelar tara dukan sojojinta.

1 ga Agusta: Jamus ta ɗaura yaƙi da Rasha.

3 ga Agusta: Jamus ta ɗaura yaƙi da Faransi.

4 ga Agusta: sojan Jamus suka shiga Beljiyam. A daren nan Ingila ta shiga yaƙi.

Akwai waɗanda suka yi ƙoƙarin hanawa. Ingila ta nemi a zauna taro, Jamus ta ƙi. A Faransi wani ɗan majalisa, Jean Jaurès, ya yi ta kiran a zauna lafiya, aka harbe shi ranar 31 ga Yuli. Sarkin Jamus da na Rasha dangi ne, sun yi ta aika wa juna waya. Amma hafsoshinsu suna ce musu lokaci ya ƙure, wanda ya yi jinkirin kwana ɗaya ya sha kashi. Ba wanda ya yarda a ce shi ne ya ja da baya.

Italiya ba ta bi ƙawayenta ba. A 1915 ma ta koma ɗaya gefen. Turkawa suka shiga gefen Jamus a ƙarshen 1914, Amurka kuma ta shiga gefen Ingila da Faransi a 1917.

Yaƙi ya iso ƙasashenmu

Ba Badende ko Bahaushen da ya san yariman da aka harbe. Amma ƙasashenmu suna hannun masu yaƙin, don haka igiyar ta ja mu.

Togo tana hannun Jamus, iyakarta ba ta fi wajen kilomita 300 daga Gaya ba. A Kamina, cikin Togo, Jamusawa suna da babbar tashar waya marar igiya wadda ke haɗa su da Balin. Sojan Ingila suka shigo daga Gwalkwas, watau Gana ta yau, na Faransi daga Dahome. Ranar 26 ga Agusta 1914 Jamusawan Togo suka miƙa wuya. A Kamaru kuwa sai 1916 aka gama.

Yaƙin ya same mu a mummunan lokaci, don yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a ke kira Kakalaba, ba ta gama sakin mutane ba. Duk da haka kumandan ya riƙa aiko wa sarakuna su ba da samari, da hatsi, da dabbobi, da masu dako. Faransi ta ɗebi sojoji fiye da 160.000 daga ƙasashenta na Afirka ta Yamma, wajen 30.000 ba su komo ba. Samari da yawa suka gudu suka ƙetare iyaka zuwa ƙasar Ingilishi. Wasu suka yi tawaye. A Bargu, kudu da Gaya, Biyo Gera ya ta da kai a 1916, aka kashe shi. A arewa, Kawsan da Abzinawa suka kewaye barikin Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917.

Yaƙi ya tsaya ranar 11 ga Nuwamba 1918. Aka karɓe Togo da Kamaru daga hannun Jamus, Ingila da Faransi suka raba. Wannan karon ma ba a tambayi masu ƙasa ba.

Laifin wa?

A yarjejeniyar Bersai ta 1919, waɗanda suka ci yaƙi suka ɗora alhakin a kan Jamus da ƙawayenta. Jamusawa suka ji an zalunce su, wannan fushi yana cikin abin da ya kai ga yaƙin duniya na biyu a 1939. Masana tarihi da yawa sun ce Ostiriya-Hangari da Jamus sun fi kowa laifi, don su suka fara zaɓen yaƙi. Amma sun nuna Rasha, da Sabiya, da Faransi, da Ingila, kowace tana da nata kason.

Gaba, da kwaɗayin ƙasa, da ƙawance, da makamai, duk suna nan tun kafin 1914. Amma a 1898, da 1905, da 1911 an sami mai sassautawa. A 1914 ba a samu ba. Yaƙi ba kamar fari ko ambaliya ba ne, da ke zuwa ba da shawarar kowa ba. Mutane ne ke yanke shi, mutane kuma suna iya hana shi.

Muna da misali a ƙofar gidanmu. A cikin kogin Kwara, sama da Gaya, akwai tsibirin Lete. Nijar da Dahome sun yi jayayya a kansa, har abin ya yi zafi a 1963, aka rufe iyaka. Amma ba a yi yaƙi ba. Daga baya Nijar da Benin suka kai maganar kotun duniya da ke birnin Heg. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotu ta raba tsibirai 25 na kogin: 16 na Nijar har da Lete, 9 na Benin. Ƙasashen biyu suka karɓi hukuncin. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Ma'anar kalmomi

Yarjejeniya: maganar da ƙasashe suka amince da ita, suka rubuta, suka sa hannu.

Ƙawance: alkawarin taimakon juna tsakanin ƙasashe.

Hafsa: shugaban sojoji.

Igwa: babbar bindiga mai harba ƙaton harsashi nesa.

Barazana: abin da ke sa wani ya ji za a cuce shi.

Tawaye: ƙin bin umurnin masu mulki da ƙarfi.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashen Turai uku ne suka yi rige-rige zuwa Dendi da Bargu?

2. Me ya sa Ingila da Faransi suka shirya a 1904? Me shirin ya sauya a iyakarmu?

3. Ku faɗi ƙasashen da ke cikin kowane ƙawance kafin 1914.

4. Ta yaya rigimar Ostiriya-Hangari da Sabiya ta zama yaƙin duniya?

5. Mene ne bambancin abin da aka yi a 1898 da abin da aka yi a 1914?

Aiki

Ku zana taswirar yankin Gaya, ku nuna kogin Kwara, da Malanbil, da Kamba, da iyakokin ƙasashen uku. Ku tambayi tsofaffin garinku abin da suka ji daga kakanninsu game da ɗibar soja a zamanin Turawa, ku rubuta shi da hausa, ku kawo aji.